Wata tara ina aiki da yaran nan masu kai saƙo da riƙe kuɗi a Gusau, ga abin da na gani

Assalamu alaikum 'yan uwa mata masu sana'a ta waya, da ma mazan da ke leƙowa. Tun bayan sallah ake ta kira na ana tambaya wai yaran nan masu babura da nike ba kayana suna kai ma kwastomomi ya aikinsu yake, a ba su amana ko a'a, nawa suke caji, in kaya ya ɓace wa ke biya, na gaji da amsa ma mutum ɗaya ɗaya shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba saboda dalili biyu, na farko kar a ce biya na sunka yi in yi masu talla, wallahi ko sisi ba su ba ni ba kuma ba su ma san ina rubuta wanga abu ba, na biyu akwai inda zan taɓa su sosai kuma ba na son in ɓata ma yaran mutane suna a kan abubuwan da wasu daga ciki sun riga sun gyara. Wanda ke Gusau yana harkar ya san su wa nike nufi.

Ni dai atamfa nike sayarwa da leshi da mayafai, sai turaren wuta da humra da nike haɗawa da kaina, daga cikin gida nan Tudun Wada, ba ni da shago, shagona sitatus ɗin WhatsApp ne. Na fara a 2020 lokacin korona da anka kulle gari. Kaya daga Kantin Kwari suke zo mani, masu saye kuma akwai na cikin gari, akwai Kaura da Mafara da Bunguɗu da Tsafe, akwai 'yan matan jami'ar tarayya da na poli ta Kaura waɗanda su yawanci mayafi ɗaya ne ko humra ƙaramar kwalba amma su ne ba su fashin oda.

Kafin yaran nan yadda muke yi kowa ya sani. Ka tura kuɗi Kano, a ɗaure maka kwali a rubuta lambarka da maka a jiki, a kai tasha a ba direba, a turo maka lambar direban, shi ke nan sai ka koma addu'a da kiran waya. Direba ya ce yana Funtuwa, bayan awa biyu ka kira ya ce yanzu zai bar Funtuwa, in ya iso da dare kayan su kwana wurin 'yan kamasho, da safe in tura ƙanen maigidana ya je ya yi ta ɗaga kwalaye yana neman mai lambata. Wannan duk mai sauƙi ne in wanda ka tura ma kuɗin mutumin kirki ne. A 2022 na ga wata a Facebook tana saka leshi masu kyau a farashin da ya fi na mutumina sauƙi, mun yi magana kwana uku har muryarta na ji, tana ta Hajiyata Hajiyata, ta turo mani hoton kwali da sunana a jiki, na tura mata dubu 140, kuɗin adashi ne da na kwasa, kafin magariba ta yi bulokin ɗina. Asusun da na tura ma sunan namiji ne, ta ce na mijinta ne na yarda. Na je banki anka ce in kawo takardar 'yan sanda da ta kotu, na fara bi na ga abin da zan kashe a zirga-zirga ya kusa kai abin da na rasa, na bar ma Allah. Ban yi barci ba sati guda, don kuɗin ba nawa kaɗai ba ne, rabi na ƙanwata ne.

To kuma mu masu sayarwa ma ana cutar mu. An taɓa turo mani sikirinshot na tiransifa na bogi, na ba ɗan kabu-kabu turmi biyu ya kai bakin wani layi, kuɗi ba su shigo ba har yau. Shi ya sa kasuwar waya a garin nan ta zama kowa na tsoron kowa, mai saye ya ce sai ya ga kaya, mai sayarwa ya ce sai ya ga alat, ciniki ya mutu a tsakani.

Wannan ramin ne yaran sunka gano sunka zauna a kai. Ofishinsu shago ɗaya ne, benci biyu, tebur, babban littafi irin na rajistar makaranta, na'urar POS, sai takardar rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da sunka saka a firem a bango. Babura huɗu na gani ranar da na fara zuwa, yanzu sun kai shida. Tsarin shi ne mai saye ba ni zai tura ma kuɗi ba, asusun kamfanin zai tura, su kira ni su ce kuɗi sun shigo, yaro ya zo ya karɓi kaya ya rubuta mani rasit, ya kai, mai saye ya buɗe a gaban shi ya duba, in ya ce ya karɓa yaron ya kira ofis a sakar mani kuɗina a cire ladansu. In bai karɓa ba a dawo mani da kayana a mayar mai da kuɗinshi, ladan babur kawai zai rasa. Cikin gari suna karɓar dubu 1 zuwa dubu 1 da ɗari 5 gwargwadon nisa, irin su Damba da hanyar jami'a sun fi tsada, Kaura da Mafara a mota suke sakawa amma suna da yaronsu can da ke tarba, wannan dubu 2 da ɗari 5 zuwa dubu 3. Riƙe kuɗin kuma ɗari 3 ne in cinikin bai wuce dubu 50 ba. Haka in kayana sunka taso daga Kano su ke zuwa tasha su karɓo, su yi mani bidiyon kwalin kafin su ɗauka.

Abin da ya sa na yarda da su da gaske ya faru a wata na biyu. Wata Hajiya a Samaru ta yi odar turmi uku na bikin ɗiyarta, ta zaɓi ruwan goro a hoto, da yaron ya kai ta fito da su tsakar gida ta shimfiɗa a rana ta ce wannan ba shi ba ne, wannan ya fi kama da ja. Yaron ya kira ni, ni kuma raina ya ɓaci don na riga na saka kuɗin a lissafi, na ce mai ka ce mata ba a mayar da kaya, ai na rubuta a sitatus. Sai ya ce, cikin ladabi fa, "Anti ki yi haƙuri, ni ma ina kallon hoton ina kallon atamfar, gaskiya ba ɗaya ba ne, hasken wayarki ya canza shi. In na bar mata shi dole, gobe ba mai sake ba mu kuɗi mu riƙe." Na kashe waya ina fushi. Da ya dawo da kayan na ɗauko hoton na kara da turmin a bakin ƙofa, wallahi yaron ya fi ni gaskiya, a ɗaki da fitila na ɗauki hoton. Na kira Hajiyar na ba ta haƙuri, na yi mata bidiyo a rana na wasu kaloli, ta ɗauki huɗu a maimakon uku, kuma ankon bikin gaba ɗaya a wurina anka saye, turmi 26.

Daga baya ne wani ƙanena da ya karanta shari'a ya gaya mani ai abin da yaron ya yi shi ne ma doka. Akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 wadda shugaba Buhari ya sa ma hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC mai kula da haƙƙin masu saye, kuma a cikinta mai saye na da haƙƙin mayar da kayan da bai yi daidai da yadda anka siffanta mai ba ko mai aibi, rubuta "ba a mayarwa" a sitatus ko a rasit ba ya goge wannan haƙƙin. Ni shekara huɗu ina sana'a ban taɓa ji ba. Na tambayi matan gurup ɗinmu na masu sana'a, mu fiye da 60, biyu kaɗai sunka san akwai hukumar. Kuma abin ba baƙo ba ne a wurinmu, ko a islamiyya an karantar da mu cewa wanda ya sayi abin da bai gani ba a kan siffa yana da zaɓi in ya gani ya saɓa, kuma ɓoye aibi haramun ne. Dokar na nan a takarda a Abuja, addini ya riga ya faɗa, amma wanda ya zartar da ita a ƙofar gidan Hajiya yaro ne ɗan shekara ashirin da wani abu a kan babur. Wannan ya tsaya mani a rai. Hukumar tana karɓar koke ta intanet, amma yawancin bayanan da Turanci suke, matar da ke sayar da yaji da daddawa ta waya a Kaura ta ina za ta fara? Da a ce ana zuwa rediyo a yi bayanin da Hausa duk sati, a kafa tebur ko ɗaya a babbar kasuwar Gusau inda mutum zai je ya faɗi kokenshi da bakinshi, da rabin rigimar da muke yi a gurup ta ƙare.

Batun takardar CAC da ke bangon su ma ba ado ba ne. Asusun da ake tura kuɗin sunan kamfanin ne ke fitowa, ba sunan wani mutum ba, kuma duk wanda ya taɓa ƙonewa irina ya san darajar wannan. Kana iya shiga shafin CAC ka rubuta sunan ka ga ko da gaske akwai shi, kyauta ne, ƙanena ya nuna mani na duba nasu na gani. A 2024 da anka ce duk masu POS su yi rajista, aka sa wa'adi 7 ga Yuli daga baya anka ƙara zuwa 5 ga Satumba, mutane sun yi ta ƙorafi, ni ma a lokacin na ɗauka neman kuɗi ne kawai, amma yanzu ra'ayina ya canza, duk wanda zai riƙe kuɗin mutane ya kamata a san sunanshi da inda yake. Haka umarnin da babban banki ya bayar ƙarshen 2023 cewa kowane asusu sai an haɗa shi da BVN ko NIN, da an yi shi tun da wuri da ƙila wadda ta cuce ni ba ta samu asusun da za ta ɓuya a bayanshi ba. Ni ma na yi rajistar sunan sana'ata wata huɗu da sunka wuce, yaran ne ma sunka haɗa ni da wanda ya cike mani, kuma na ga bambanci, baƙin kwastomomi ba su cika ja da baya ba in sun ga sunan sana'a a asusu. Abin da ke ba ni takaici shi ne a 2020 gwamnati ta yi rajistar sunayen ƙananan sana'o'i 250,000 kyauta a ƙarƙashin tallafin korona, ni a lokacin ina nan ina sana'ar amma labarin bai iso ɗakina ba sai bayan an gama. Irin wanga tallafi in ba a biyo da shi ta ƙungiyoyin mata da islamiyoyi da masu unguwanni ba, masu kwamfuta a gabansu ne kawai za su riƙa kwashewa.

Yanzu bari in zo inda sunka ɓata mani rai, don ba zan ɓoye ba.

Na farko kuma mafi girma, lambobin waya. Yawancin kwastomomina matan aure ne, wasu ma ba su fita sai da dalili, lambarsu da kwatancen gidansu amana ce a hannuna. Wata rana na wayi gari na gan ni a wani sabon gurup na tallar kamfanin, na duba mambobi na ga lambobin kwastomomina kusan goma sha biyar a ciki, an zuba su tare da maza 'yan kasuwa da ban sani ba, kowa na ganin lambar kowa da hoton kowa. Ba a tambaye ni ba ba a tambaye su ba. Kafin azahar wata ta kira ni tana kuka, wani a gurup ɗin ya bi ta da sallama ta gefe, mijinta ya gani, gida ya rikice. Na saka hijabi na je ofishin da kaina maigidana ya raka ni. Shugaban nasu, matashi ne mai hankali a gaskiya, ya miƙe ya ba maigidana kujera ya ce, "Baba wallahi ba da mugun nufi ba ne, mun ga kowa na yi ne." Maigidana ya ce mai, "Ɗana, kowa na yi ba hujja ba ce, matar mutum ce fa, in aurenta ya mutu a kan tallarka mi za ka ce ma Allah?" Yaron ya yi shiru, a gabanmu ya goge gurup ɗin, ya karɓi lambar mijin ya kira ya ba shi haƙuri ya yi mai bayanin cewa matar ba ta san komi ba. Bayan sati biyu sunka ɗauki wata yarinya aiki, ita ke kiran mata yanzu, masu babura ba a ba su lambar mace sai kwatance da lambar ofis, in sun isa ƙofar gida yaro suke aikawa ciki. Na yaba da gyaran amma tabon na nan, kwastomar nan ba ta sake saye a wurina ba kuma ban ga laifinta ba.

Shi ma wannan ashe akwai doka a kai, dokar kare bayanan mutane da shugaba Tinubu ya sa ma hannu a Yunin 2023, da hukumarta NDPC, ba a yarda ka ɗauki lambar da anka ba ka don kai saƙo ka yi wani abu daban da ita ba tare da izini ba. Mun ji a labarai a Yulin 2024 an ci kamfanin Meta mai Facebook da WhatsApp tarar dala miliyan 220 a kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya, to madalla, amma shugaban yaran nan da ke riƙe da lambobin ɗaruruwan matan aure a littafi bai taɓa jin dokar ba sai a bakin ƙanena. Ba mugu ba ne, ba a gaya mai ba ne. Ya kamata ranar da mutum ya karɓi takardar rajistar irin wagga sana'a a haɗa mai da shafi ɗaya da Hausa, ga abin da ba a yi da lambar mutane.

Na biyu, in kaya ya lalace a hanya babu wani tsayayyen tsari. Da damina kwalina ya taso daga Kano anka ɗora shi a saman mota, ruwa ya kama su bayan Funtuwa, kuma da alama an jingina shi da jarkar manja, leshi biyu farare sunka iso da jan tabo kamar taswira. Direba ya ce ba ruwanshi, na Kano ya ce shi lafiya ya ba da, yaran sunka ce su a tasha sunka karɓa ga bidiyo. Kowa na da gaskiyarshi ni ce da asara. Daga ƙarshe shugaban ya ce za su yafe mani kuɗin dilibari na wata guda, na gode mai, amma wannan alheri ne ba haƙƙi ba, gobe in ya ga dama ya ce a'a ba inda zan kai shi. Babu inshora, babu rubutacciyar yarjejeniya. Kuma wani abu da ke hana ni sakin jiki, kuɗin da suke riƙe ma mutane da kuɗin man baburansu da albashin yara duk asusu ɗaya ne, na tambaya ya gaya mani da bakinshi. Yau amana ta riƙe su, to ranar da babur biyu sunka lalace lokaci ɗaya fa, ko wani ya shiga tsakaninsu? Kafin sallah akwai ranar da kuɗina kaɗai a hannunsu sun haura dubu 400.

Na yi mai wagga magana, shi kuma ya buɗe mani nashi ciwon. Ya ce masu kai saƙo lasisinsu a hannun NIPOST, hukumar gidan waya, yake, kuma ya tuna mani abin da ya faru a Yulin 2020 da anka fitar da sabon farashin lasisi, har mai 'yan babura kaɗan sai ya biya dubu 250, manya kuma miliyoyi, mutane sunka yi ca har ministan sadarwa na lokacin Isa Ali Pantami ya ce a dakatar. Ya ce, "Anti mu ba gudun doka muke ba, a yi muna wadda za mu iya ɗauka, yaro mai babur shida ba za a auna shi da ma'aunin kamfanin da ke da jirgi ba." Na yarda da shi ɗari bisa ɗari, amma na ce mai ni kuma a matsayina na mai ba ku kuɗi ina son lasisin ya zo da sharaɗi, kuɗin amana a asusu daban, a rubuta nawa za a biya in kaya ya ɓace, a san inda za a kai ƙara a nan cikin jiha ba sai an je wani gari ba. Sauƙi gare ku, kariya gare mu. Ya ce zai buɗe asusu na biyu, har yau da nike rubutun nan bai buɗe ba, na sake tuna mai shekaranjiya.

Sauran matsalolin ba nasu ba ne amma a kansu suke sauka. Kayan da ya kamata su zo daga Kano yini ɗaya wani lokaci sai kwana biyu, don saboda rashin tsaro ba direban da zai bi tsakanin Funtuwa da Tsafe in rana ta yi sanyi, kuma ba wanda zai ce mai ya bi. Akwai garuruwan da sunka ce mani kai tsaye ba su zuwa ko nawa zan biya, ina da masu son kaya ta wajen Ɗansadau da Shinkafi sai dai su aiko ɗan uwa in ya shigo gari. Ban taɓa matsa masu ba, ran ɗan mutane ya fi turmin atamfa. Sai sabis, ranar da netwok ya yi rauni kuɗina kan kwana don alat bai shigo masu ba, su kuma ba su sakin kaya a kan sikirinshot, wanda daidai ne. Mu a Zamfara mun san abin da ake nufi da rashin sabis fiye da kowa, Satumban 2021 da anka kashe layukan waya na jihar gaba ɗaya saboda tsaro, anka rufe kasuwannin mako, mu na Gusau kusan wata guda muna cikin duhu, ƙauyuka sun fi haka daɗewa, mutane na shiga mota zuwa Funtuwa don kawai su yi kira ko su tura kuɗi. Na fahimci dalilin, amma sana'ata ta tsaya cik a lokacin, turaren da na haɗa na zuba ma ido. Duk mai tsara manufar kasuwancin intanet a Abuja ya kamata ya zo ya zauna da waɗanda sunka ga wancan watan.

Farkon 2023 kuma da anka canza kuɗi takarda ta ɓace, kowa ya tuna layin banki da yadda masu POS ke sayar da naira da naira, jiharmu na cikin uku da sunka fara kai ƙara kotun ƙoli tare da Kaduna da Kogi har anka yanke hukunci 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da yawo. An sha wuya ƙwarai, amma a nan ne tsofaffin kwastomomina da ba su taɓa yarda da tiransifa ba sunka koya dole, har Innata yanzu ta san ta ce a duba mata alat. Shugaban yaran ya ce a wannan lokacin ne tunanin sana'ar ya zo mai.

Tsada kuma tana ta hawa a hankali. Tun da anka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin babur bai sake sauka ba, a wata taran nan sau biyu suna ƙara farashi, na biyun ma ba su sanar ba sai a rasit na gani, wannan ma na yi masu magana. Ga naira 50 da ake cirewa a duk tiransifar da ta kai dubu 10, wadda daga Disamban 2024 ta shafi har asusun waya irin su OPay da Moniepoint da yawancinmu ke amfani da su, kuma da yake kuɗin sau biyu suke tafiya, daga mai saye zuwa kamfani daga kamfani zuwa gare ni, sau biyu ake cira. Ga data da anka yarda a ƙara ma kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, mu kuwa bidiyo muke sakawa kullum. A turmin dubu 30 ba a ji sosai, amma yarinyar poli mai sayen humrar dubu 2 in ka ce ta biya dubu 3 na kaiwa ai ka kore ta. Dabarar da munka yi ita ce ranar Talata da Asabar suke haɗa ƙananan saƙonnin Kaura na mata da yawa a buhu ɗaya kowa ya biya ɗari 7, wannan shawarar wata ce a gurup ɗinmu sunka karɓa, kuma tana tafiya lafiya.

Wani abin da ke cinye masu lokaci shi ne kwatance. Gidajenmu ba lamba, layuka da yawa ba suna, sai ka ji ana bayan masallacin Juma'a, ka wuce mai markaɗe, gida na uku mai baƙin get da bishiyar dogon yaro. Na taɓa zama a ofishin ina jiran rasit na ji yarinyar na waya da wata minti goma sha biyu a kan gida ɗaya, ga yaro can a rana yana zagaye yana ƙona mai. Sun fara koya ma mutane tura lokeshan ta WhatsApp, matasa sun iya, manya sai an nemo jika. Saka ma layuka suna da lamba aikin ƙaramar hukuma ne da jiha, ba ya buƙatar wata babbar fasaha, kuma zai rage kuɗin kai saƙo fiye da duk wani taron bita.

To masu tambaya a ba su ko kar a ba su, ni ina ba su kuma zan ci gaba. A wata tara ko mayafi ɗaya bai ɓace a hannunsu ba, ko naira ɗaya ba ta maƙale ba bayan jinkirin sabis, yaransu ba su shiga gidan mutane, ba su buɗe kaya sai a gaban mai shi, kuma cinikina da baƙin da ban taɓa gani ba ya fi na da nesa ba kusa ba. Amma ki karɓi rasit kowane lokaci ko da kin saba da yaron, ki yi bidiyon kayanki a rana kafin ki ba da, ki gaya masu tun ranar farko ba ki yarda a saka lambar kwastomarki ko'ina ba, kuma kar ki bari kuɗinki su taru a hannunsu, ni yanzu na ce duk abin da ya kai dubu 100 a sakar mani a ranar ko da dare ne. Kayan da sunka fi tsada irin leshin amare kuma na ce a Kano a naɗe su da leda biyu a saka cikin mota ba sama ba ko da zan ƙara ma direba wani abu.

Jibi Asabar ina da kwali biyu da za su taso, ɗaya na ankon wani biki a Mafara, na riga na gaya ma yarinyar ofis ta tanadi yaro tun ƙarfe goma, kuma in na je karɓar rasit zan sake tambayar shugaban nasu batun asusun nan na biyu, wannan karon tare da mata uku na gurup ɗinmu za mu je.